Ƙasar da Dutsenta Ke Bayan Shinge

Ɗan ƙanwata ke karatun likita a Tbilisi, babban birnin Jojiya, kamar yaranmu da yawa da iyaye suka tura can. Na je duba shi a kakar 2025, shi ne ya ce tunda Armeniya ga ta nan kusa, mu leƙa. Ya ɗan iya Rashanci, wanda shi ne harshen da manyan ƙasar ke ji bayan nasu, don haka da muka samu biza sai muka hau ƙaramar bas ɗin da suke kira marshrutka, muka shiga ta kan iyakar Bagratashen.

Daga nan hanya ta bi kwazazzabon kogin Debed, duwatsu dama da hagu, sama 'yar tsirit. Muka sauka a Alaverdi, garin da aka gina saboda narka jan ƙarfe. Masana'antar ta tsaya tun 2018, sai doguwar bututun hayaƙinta da ke kan dutse da gine-gine masu tagogi a farfashe. Wani dattijo mai tsohuwar Lada ya hau da mu zuwa Haghpat, gidan ibadar sufaye da aka fara ginawa wajen shekara ta 976. Baƙin dutse ne tun daga tushe har rufi, ciyawa ta tsiro a kan soron, ciki kuwa sanyi da duhu, in ka yi tari sai ka ji ya dawo maka. A nan na fara ganin khachkar, wato allon dutse mai tsayin mutum ko fiye, da aka sassaƙa gicciye a tsakiyarsa, aka kewaye shi da saƙa mai kama da zare, da ganyen inabi da rumman. Na sa yatsa na bi layi ɗaya na saƙar don in ga inda ya ƙare, ya shiga ƙarƙashin wani ya fito, ya sake nutsewa, har na gaji ban kai ƙarshensa ba. Ana kafa su a kan kabari, ko don tunawa da gina gada, ko nasarar yaƙi, ko neman gafara ga iyaye, kuma da wuya ka samu biyu iri ɗaya.

Ƙauyen da ke gindin ginin ya fi ginin ba ni tunani. Tsofaffin mata ke zaune da kwalaben zuma da safar ulu, gidaje da dama a kulle. Na tambayi direban ina samari. Ya nuna arewa da haɓa. Rasha. Maza kan tafi aikin gini da bazara su dawo da hunturu, wasu su daina dawowa, wasu su yi sabon iyali a can. Ƙasar duka mutum wajen miliyan 3 ne, kuma Armeniyawan da ke waje, a Rasha da Amurka da Faransa da Lebanon, sun fi na gida yawa nesa ba kusa ba.

A Yerevan, babban birnin Armeniya, mun sauka a gidan wata dattijuwa da ke ba da hayar ɗaki. Yaron nawa ya koya mini in riƙa ce mata mayrik, kamar yadda ake kiran kowace uwa a can, ita kuma ta ɗauke shi tamkar jika, kullum tana tura masa faranti. Da ta gane ba ma cin naman alade, wanda shi ne gashin da suka fi so, sai ta koma ba mu kifin tafkin Sevan da cuku da ganye da lavash, burodinsu falle-falle da ake mannawa a bangon tanderu. Birnin an gina shi da wani dutse mai ruwan hoda, kuma kusan kowace kusurwa akwai ɗan famfo da ruwan sanyi ke ɓulɓulowa dare da rana, kowa ya sunkuya ya sha kyauta. Da yawa daga cikinsu iyalai ne suka gina don tunawa da mamacinsu, da sunansa a jiki.

Masallaci ɗaya ne ke aiki a ƙasar, Shuɗin Masallaci da ke kan titin Mashtots. An gina shi wajen 1765, lokacin da hakiman Farisa ke riƙe da birnin. Zamanin Sobiyet an mai da shi gidan tarihi, sai a shekarun 1990 Iran ta gyara shi. Na yi salla a can tare da Iraniyawa da wasu ɗalibai 'yan Indiya. Farfajiyar na da itatuwa da tsafta, amma jikokin mutanen da suka yi salla a cikinsa fiye da ƙarni ɗaya da rabi ba sa nan. Azarbaijanawan Armeniya sun fice tsakanin 1988 da 1990, daidai lokacin da Armeniyawan Baku su ma suka tsere.

In ka miƙe titin nan har ƙarshensa, za ka tarar da Matenadaran a kan tudu, ma'ajiyar littattafan rubutun hannu. A ƙofa akwai mutum-mutumin Mesrop Mashtots a zaune, almajirinsa Koryun durƙushe a gabansa. Mashtots malamin coci ne da ya ƙirƙiro haruffan Armeniyanci guda 36 a shekara ta 405, domin jama'a su ji littafin addininsu da harshensu maimakon Girkanci da Suryananci. Da waɗannan haruffa ake rubutu har yau, an ƙara kaɗan a kansu. Cikin ginin akwai littattafan hannu fiye da dubu 20, har da na Larabci da Farisanci da Turkancin Usmaniyya, na ga Alƙur'anai masu ado da ruwan zinare an ajiye su da mutunci. Akwai littattafan Girkawa na dā da asalinsu ya ɓace, sai fassarar Armeniyanci ce ta rage wa duniya.

Amma inda na daɗe a tsaye shi ne gaban littafin wa'azi na Mush. An rubuta shi wajen shekara ta 1200 a kan fatun ɗaruruwan maruƙa, nauyinsa kimanin kilo 28. A 1915, lokacin da ake karkashe mutanen Mush, a gabashin Turkiyya ta yau, wasu mata biyu da ke gudun ransu suka tarar da shi a gidan sufayen da aka wawashe. Ba mai iya ɗaukarsa ita kaɗai, sai suka raba shi biyu, kowacce ta goya rabi. Ɗaya ta isa Echmiadzin, cibiyar cocinsu, da nata. Ɗayar ba ta kai ba, ta binne rabinta a harabar wata coci a Erzurum kafin ta rasu, daga baya wani hafsan sojan Rasha ya gano shi, aka haɗa su. Mace tana gudu, ba abinci, ba tabbacin ganin gobe, ta ɗora wa bayanta kilo 14 na fata mai rubutu wanda wataƙila ma ba ta iya karanta shi ba. Ta dai san na mutanenta ne.

Daga wannan littafi na fara fahimtar matsayin coci a wajen mutanen nan. Masarautarsu ta Ani ta faɗi a 1045, ta ƙarshe a Kilikiya ta faɗi a 1375. Daga nan har 1918 ba su da ƙasa tasu, suna ƙarƙashin Farisa da Usmaniyya da Rasha. Tsawon wannan lokaci coci ce makaranta, ita ce kotun aure da gado, ita ce ke riƙe da sunan wanda aka haifa da wanda ya mutu, ita ce ke magana da sarakunan da ke mulkinsu. Ba ta ƙarƙashin Fafaroma, ba ta ƙarƙashin cocin Rasha ko ta Girka, danginta su ne Kibɗawan Masar da cocin Habasha. Shi ya sa za ka ga mutumin da ba ya zuwa ibada daga shekara zuwa shekara, amma ka taɓa coci ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Tsitsernakaberd na kan wani tudu da ke kallon birnin. An gina shi a 1967: manyan allunan dutse 12 da suka sunkuyo suka yi da'ira, wuta na ci a tsakiya ba ta mutuwa, gefe kuma wani tsini mai tsawon mita 44. Nan ne wurin tunawa da kisan ƙare dangin da ya fara ranar 24 ga Afrilu 1915, lokacin da gwamnatin Matasan Turkawa ta kama malamai da marubuta da shugabannin Armeniyawa a Istanbul. Aka raba maza aka kashe, aka kora mata da yara da tsofaffi a ƙafa zuwa hamadar Siriya, wajen Deir ez-Zor. Armeniyawa na cewa mutum miliyan 1.5 suka hallaka. Turkiyya ta yarda an yi asarar rayuka masu yawa, amma tana cewa yaƙi ne da yunwa da cuta suka ci kowane ɓangare, ba ta karɓi sunan kisan ƙare dangi ba. Ƙasashe fiye da 30 sun karɓa, Amurka ma ta bi sahu a 2021.

Shiga gidan tarihin da ke ƙarƙashin wurin bai yi mini sauƙi ba. Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda aka yi wannan a cikinta, ita ce ke riƙe da sunan halifanci a lokacin. Yaron ya tsaya gaban hoton wasu yara da haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, ya ce, "Kawu, ba wanda ya hana?" Na ja shi waje zuwa bangon da aka jera sunayen baƙin da suka tsaya wa Armeniyawa, aka kuma ɗebo ƙasar kabarinsu aka ajiye a ciki. Cikinsu akwai Fa'iz al-Ghusain, Balarabe Musulmi, lauya kuma tsohon jami'in daular, wanda ya ga abin da idonsa a Diyarbakir ya rubuta shi tun yaƙin bai ƙare ba, yana mai cewa Musulunci ba shi da hannu a wannan ta'asa. Tun 1909, da aka yi kisan Adana, Shehun Azhar Salim al-Bishri ya yi Allah wadai da shi. Sharif Husaini na Makka ya fitar da takarda yana umartar a kare Armeniyawan da suka tsira, a kula da su kamar yadda mutum ke kula da iyalinsa. Larabawan Halab da makiyayan hamada sun ɓoye yara da yawa. Wannan bai goge laifin masu laifi ba, kuma ni dai ban ga uzurin da za a kawo wa korar mace da goyo zuwa hamada ba, ko wane suna aka sa wa abin. Na so ne yaron ya san an samu waɗanda suka ce a'a, kuma da sunan addininsa suka faɗa.

Ranar Lahadi muka tafi Echmiadzin, kimanin kilomita 20 yamma da Yerevan, mazaunin Katolikos, shugaban cocin Armeniyawan duniya. Mai riƙe da kujerar tun 1999 shi ne Karekin na Biyu. A ruwayarsu an kafa babbar cocin ne jim kaɗan bayan shekara ta 301, lokacin da ƙasar ta zama ta farko da ta ɗauki Kiristanci addinin gwamnati. An daɗe ana gyaranta, sai a Satumban 2024 aka sake buɗe ta. Muka tsaya daga baya kusa da ƙofa, ba wanda ya yi mana kallon banza. Ba kujeru sai kaɗan, jama'a a tsaye, mata sun yafa ɗankwali. Ana ibadar da tsohon Armeniyanci wanda ba kowa ke fahimta sosai ba. Wani lokaci a ja babban labule a rufe limamai, sai murya kawai da ƙarar sarƙar kaskon turare. Waƙoƙin ba ganga ba tafi, murya ce ke hawa a hankali ta daɗe a sama. Limaman iri biyu ne: masu aure, waɗanda ke zaune cikin jama'a ana ce musu Ter Hayr, da marasa aure masu baƙar hula mai tsini, waɗanda daga cikinsu ake naɗa bishop.

Na lura yawancin mutane ba sa tsayawa har ƙarshe. Mutum ya shigo, ya sayi siririn kyandir, ya kafa shi cikin tiren yashi, ya motsa leɓe, ya fita da baya-baya don kada ya juya wa wurin ƙeya. Shekara 70 na mulkin Sobiyet sun bar tabo. An rufe coci-coci, an kashe limamai, Katolikos Khoren ma ya mutu a 1938 a hannun jami'an tsaron Stalin kamar yadda aka yi ittifaƙi. Kakanni mata ne suka riƙa kai jikoki a yi musu baftisma a ɓoye. Akwai kuma man da suke kira muron, man zaitun da ake dafawa da furanni da itatuwan ƙamshi fiye da 40, galibi duk shekara 7. Kowane sabo sai an zuba masa ragowar tsohon, sannan a rarraba wa cocinsu na duk duniya, daga Beirut har Los Angeles. Jaririn da aka shafa wa a goshi a Ajantina, da man tukunyar Echmiadzin aka shafa masa.

Gidan ibadar Khor Virap na kudu, dab da iyakar Turkiyya. A nan ne aka ce Sarki Trdat ya jefa Grigor, mai wa'azin sabon addini, cikin rami har shekara 13, sai da sarkin ya kamu da ciwon da ya gagari magani aka fito da shi, ya yi masa addu'a ya warke, ya karɓi addinin shi da ƙasarsa. Ramin na nan, zurfinsa wajen mita 6, ana sauka ta tsanin ƙarfe a miƙe. Ciki zafi da ƙarancin iska, bango ya yi baƙi da hayaƙin kyandir.

Da ka fito ka ɗaga kai, sai Ararat. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: mita 5,137, dusar ƙanƙara a kansa, ya tashi shi kaɗai daga fili ba wani dutse da ya tare shi. Yana kan tambarin ƙasar, yana kan kwalabe da alluna da sunayen yara. A wajensu nan jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, har akwai guntun itace a ma'ajiyar Echmiadzin da suke cewa daga jirgin yake. Mu a Suratu Hud an ce mana Judiyy, dutsen da aka fi dangantawa da kudu maso gabashin Turkiyya. Amma Ararat ba a Armeniya yake ba. Yarjejeniyar Kars ta 1921 ta bar shi a hannun Turkiyya, iyakar kuma a rufe take tun 1993. Daga katangar cocin kana hango gonakin inabi, sai shingen waya, sai hasumiyar masu gadi, sai ƙauyen Turkiyya da hasumiyar masallacinsa.

A bakin ƙofa muka tarar da wani iyali da rago, an ɗaura masa jan ƙyalle. Matagh suka zo yi, ɗansu ya dawo daga aikin soja lafiya. Limami ya yi addu'a a kan gishiri, aka ba ragon ya lasa, aka kai shi can gefe wajen harabar aka yanka. Kakar ta dangwali jinin ta shafa wa saurayin a goshi. Ba a gasa naman, ba a soya shi, da ruwa da gishiri kawai ake dafawa, a raba wa gidaje bakwai da mabukata da duk wanda ya wuce, kuma ba ya kwana. Kusan yadda ake yanka a yi sadaka a wajenmu idan Allah ya tashi kafaɗun mara lafiya. Uban yaron ya miƙo mana, na sa hannu a ƙirji na yi godiya, yaron nawa ya yi masa bayani. Bai ji haushi ba ko kaɗan, ya naɗo mana lavash da cuku da tumatir ya ce to wannan dai dole mu ci don ɗansa. Uwar ba ta zauna ba, idonta na kan saurayin duk inda ya motsa. A yaƙin kwana 44 da ta yi da Azarbaijan a 2020 Armeniya ta rasa sojoji kusan 4,000, da yawansu yara 'yan 18 zuwa 20, da dama suna kwance a maƙabartar sojoji ta Yerablur da hotunansu a kan duwatsu.

Kusa da masaukinmu akwai wata mata da ke gasa zhingyalov hats a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ƙullu ne take murzawa ya yi siriri, ta cika shi da yankakken ganye iri-iri, fiye da goma, ta haɗe bakinsa ya zama kamar kwalekwale, ta ɗora a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi. Abincin Karabakh ne, yankin da Armeniya da Azarbaijan suka yi yaƙi a kansa, wanda Armeniyawa ke kira Artsakh, kuma daga Stepanakert, babban garinsa, ta zo. Tun Disambar 2022 aka toshe hanyar Lachin, hanya ɗaya tilo da ta haɗa su da Armeniya. Wata tara ba mai, ba magani, ana layin burodi tun asuba. Ranar 19 ga Satumba 2023 sojojin Azarbaijan suka kawo farmaki, cikin kwana ɗaya aka gama. Cikin mako guda mutum fiye da dubu 100, kusan kowa da kowa, suka kwararo Armeniya. Wajen neman man gudu ne wata ma'ajiyar fetur ta fashe ta kashe fiye da mutum 200. Ta ce tafiyar da aka saba yi cikin 'yan awoyi sai da suka kwana suka yini a mota. Abin da ta fito da shi: takardu, hotuna, bargo, da wannan ƙarfen gashin. Kabarin mijinta da na iyayenta suna can. Ta ce ganyen nan ba su kai na gida ƙamshi ba, ta kuma ambaci sunayen waɗanda ba ta samu a kasuwar Yerevan. Hayar ɗaki ke cinye abin da take samu, ga shi an rage tallafin hayar da gwamnati ke ba su a 2025. Kuɗin haya ya yi tsalle tun da dubban Rashawa suka shigo birnin a 2022. Wani abin da ya fi ci mata rai shi ne in ta yi magana da karin harshensu, wasu su ce ga waɗanda aka kashe mana 'ya'ya saboda su.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A dokar duniya Karabakh ƙasar Azarbaijan ce. A yaƙin farko na shekarun 1990 Armeniyawa ne suka yi nasara, dubban ɗaruruwan Azarbaijanawa suka bar gidajensu, aka kashe fararen hula a Khojaly a 1992, garin Aghdam ya zama kufai, aka wulaƙanta masallatai. Su ma suna da matan da suka fito da bargo da hotuna. Sai dai ramuwa a kan duwatsu ba ta mayar wa kowa da gida. Maƙabartar Armeniyawa ta Julfa da ke Nakhchivan, wani yanki na Azarbaijan, mai dubban khachkar, an share ta ƙaf zuwa 2006. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cocin Kanach Zham ta garin Shushi a Karabakh ta ɓace a farkon 2024, duk da umarnin Kotun Duniya na Disambar 2021 cewa a kare wuraren. Yanzu hankalin kowa na kan tsofaffin gidajen ibadar Karabakh: Dadivank da Gandzasar da Amaras, inda aka ce Mashtots ya buɗe makarantarsa ta farko.

Ruwa ba ya tsami banza: daga wannan rashi ne rigimar coci da gwamnati ta taso. Firaminista Nikol Pashinyan ya hau mulki a 2018 ta zanga-zangar lumana. Bayan shan kayen 2020, Katolikos ya nemi Pashinyan ya sauka. A 2024, da gwamnati ta amince ta miƙa wa Azarbaijan wasu ƙauyuka huɗu a kan iyakar Tavush, lardin da muka shigo ta cikinsa, babban bishop na yankin Bagrat Galstanyan ya taka a ƙafa har Yerevan, dubban mutane a bayansa. A 2025 Pashinyan ya fito a Facebook yana zargin Katolikos da karya alkawarin rashin aure, yana neman a sauke shi. A watan Yuni aka kama Galstanyan bisa zargin shirya juyin mulki. Kwana biyu bayan haka jami'an tsaro suka shiga harabar Echmiadzin neman wani babban bishop, Mikael Ajapahyan, aka kaɗa ƙararrawa, jama'a suka tare ƙofa, daga baya ya kai kansa.

A teburin mayrik na ga yadda abin ya raba gida. Ɗanta na cewa manyan coci sun ci sun sha da tsofaffin masu mulki da attajirai, suna hawa manyan motoci talaka na fama, kuma Rasha ke zuga su don a hana sulhu da Azarbaijan da aka sa wa hannun farko a Washington ranar 8 ga Agusta 2025. Maƙwabcinsu, tsohon malamin makaranta, na cewa wanda ya rasa Artsakh ba shi da bakin zaɓar wa coci shugaba, gwamnatoci nawa suka zo suka wuce coci na nan. Murya ta yi sama har mayrik ta buga cokali a tebur ta ce, a gaban baƙi? Ita kyandir ɗinta take kunnawa, ba don bishop ba, ba don firaminista ba.

Ni baƙo ne, amma ga abin da na gani. Ƙorafin ɗan nata ba ƙarya ba ne, malamin addini da ya saba da teburin masu kuɗi yakan rasa kunnen talaka, kuma sulhu da maƙwabta ya fi wani sabon layin kaburbura a Yerablur. Duk da haka gwamnati ta tura 'yan sanda masu rufe fuska harabar ibada, firaminista ya riƙa tonon silili a intanet, wannan ba gyara ba ne, kuma ƙofa ce da in aka buɗe ta wanda zai zo gaba ma zai bi. Gyaran coci aikin mabiyanta ne. Abin da ya fi damuna shi ne duk tsawon musun nan ba wanda ya ambaci kuɗin hayar mai zhingyalov hats.

Ta Gyumri muka koma Jojiya. Birni na biyu ne, na baƙin dutse, mutanensa sun yi suna wajen barkwanci da sana'ar hannu. Girgizar ƙasa ta 7 ga Disamba 1988 ta kashe kimanin mutum 25,000 a yankin, ta rushe babbar cocin da ke dandalin garin, wadda sai bayan fiye da shekara 30 aka gama sake gina ta. Bayan manyan tituna har yanzu akwai iyalai a cikin domik, kwantenonin ƙarfe da aka kawo a matsayin mafakar wucin gadi. Mun shiga ɗaya. An lulluɓe bango da darduma saboda sanyi, tsatsa ta ci ƙasan ƙofa, murhun itace a tsakiya, bokiti a inda rufi ke yoyo. Matar gidan a nan ta haifi 'yarta, a nan 'yar ta haifi nata. Sunansu na cikin jerin masu jiran gida, kuma yanzu jerin ya ƙaru da mutanen Karabakh.

Direban da ya ɗauke mu zuwa iyaka ya nuna mana layin dogon da ya nufi yamma, ciyawa ta rufe shi. Kars yake zuwa, jirgi bai bi shi ba tun 1993. Kakansa mutumin Kars ne. In da hanya a buɗe take, ya ce, da ba za a yi awa biyu ba, amma yanzu sai an zagaya ta Jojiya a ɓata yini. "Akhper jan," ya ce wa yaron, wato ɗan'uwana, "ka faɗa wa kawunka, ni ban damu da wanda ya yi nasara tsakanin bishop da minista ba, a buɗe mini hanyar nan." Mahaifiyarsa ta haura 80, tana so ta ga unguwar da aka haifi ubanta, kuma ya riga ya yi mata fasfo.